Littafi Saba'in da Uku, Dangwale Saba'in da Biyu

A garin Rashid na ƙasar Misira, duk mai sana'ar da furfura ta fara fito masa yana da labarin ranar da Ustaz Mitwalli Zahran ya tsare shi da tambaya. Masu saƙar tabarma suna da nasu, masu hawan dabino suna da nasu. Mai wankan gawa na unguwarmu ma cewa yake bai taɓa sanin daɗin aiki da waɗanda ba sa magana ba sai ranar da ya yini da Ustaz.

Malamin firamare ne mai koyar da labarin ƙasa, gajere, da ƙaton tabarau da jan fensir maƙale a bayan kunne, wanda ko a sahun salla ba ya cire shi. A lokacin da wannan labari ya faru, littafi saba'in da uku ya rubuta. Kada ka ji saba'in da uku ka zaci irin manyan nan ne masu bangon fata da ake jerawa a falo don baƙo ya gani. Nasa ƙanana ne, shafi sittin ko tamanin a kan takarda rawaya, waɗanda ake bajewa a ƙasa a tashar jirgi tsakanin kalanda da littafin fassarar mafarki. Babu soyayya a cikinsu, babu waƙa, babu wa'azi. Abin da ya dame shi kawai shi ne yadda ake yin abu: yadda ake gina hasumiyar tattabaru, yadda ake kwantar da kifi cikin gishiri ya zama fasik, abin da ke sa tulun ƙasa ya sanyaya ruwa, da dalilin da mai aski ke fara wa ta dama. Masana na birni ba su taɓa ambatonsa ba, kuma bai taɓa jira su ambace shi ba. Amma na sha ganin littafinsa na kiwon zuma a hannun manomi, ya yi baƙi don juyi, an ɗinke bangonsa da zaren buhu.

Yana da wata hanya ta aiki da babu mai irin ta. Sai ya je wurin mai sana'a ya tsuguna, ya yi wata biyu ko uku yana kallo yana tambaya, har mutumin ya fara ɓuya in ya hango tabarau. Daga nan ya koma gida ya rubuta, matarsa Hajja Ni'imat ta kwafe da hannunta mai kyau, don rubutun Ustaz ko shi kansa sai da safe yake iya karanta shi. In an gama sai ya ɗauki takardun ya koma wurin mutumin, a wurin aikinsa, ba a gida ba, ya karanta masa da ƙarfi daga farko har ƙarshe. Duk inda mai sana'a ya yi dariya, sai Ustaz ya zaro jan fensir ya soke wurin, ya ce, "To, faɗa mini yadda yake." Mai hawan dabino ya yi masa dariya sau goma sha ɗaya. Ustaz ya koma sau goma sha ɗaya. Ranar da aka kai ƙarshe babu dariya, sai ya fito da ɗan gwangwanin tawada, mutumin ya dangwala babban yatsansa a shafin ƙarshe. Sai da wannan dangwalen yake kai littafi Iskandariyya wurin Girgis mai ɗab'i.

Sa hannu kuwa ba ya karɓa. Wani mai haɗa magunguna da ya yi jami'a ya taɓa zaro alƙalami mai bakin zinariya, Ustaz ya tura masa gwangwani.

"Ustaz, ni fa na iya rubutu."

"Na sani, Likita. Sunanka kowa zai iya rubuta shi. Yatsan nake so, shi ya yi aikin."

Kuma da gaske yake. Shafukan nan yana tara su cikin gwangwanin biskit, in ya yi nishaɗi ya baje su a tebur yana duba su da gilashin ƙara girma kamar mai duba taswira. Na mai gasa burodi da tabon wuta a tsakiya. Na mai tabarma ya shafe fes, babu layi ko ɗaya, kaba ta cinye. Ya kan ce da za a rufe sunayen, zai faɗi sana'ar kowa daga yatsansa. Hajja Ni'imat ta kan ce da zai san ranar da man girki ya ƙare kamar yadda ya san yatsun maza, da an zauna lafiya. Ita ce ta raba masa ɗaki wata uku lokacin littafin fasik, don ko ya yi wanka kuliyoyin unguwa ba sa daina bin sa.

To, littafi saba'in da uku ne, amma shafukan cikin gwangwani saba'in da biyu. Kowa a gidan ya san wanda babu, kuma ba a zancensa.

Shi ne na farko. Mahaifinsu mai jirgin fito ne a ƙauyensu da ke ƙasa da Rashid, dab da Bugaz, inda kogi ke shiga teku ruwa biyu suna kokawa. 'Ya'ya maza biyu gare shi: Shahata babba, Mitwalli ƙarami. Aka sa ƙaramin a makaranta, babban ya zauna a jirgi. Da Mitwalli ya zama malami yana ɗan shekara ashirin da huɗu, kai cike da karatu, sai ya zauna ya rubuta littafi a kan fito don ya girmama sana'ar gidansu. Bai tambayi kowa ba. Me zai tambaya? Ai a bakin ruwa aka haife shi.

Aka kawo littafin ƙauye, wani ya karanta shi a gidan shayi na masu jirgi. Da aka zo inda ya rubuta cewa gwanin mai fito shi ne wanda ke miƙa hancin jirgi kai tsaye zuwa matsayar da yake nufi, sai wani tsoho ya ƙware da shayi. A wancan zamani, kafin a gina madatsar ruwa ta Aswan, in kogi ya ciko ja wur, wanda ya nufi matsaya kai tsaye sai dai a je teku a ɗauko shi. Ko yaron goye ya san sama ake nufa, a bar ruwa ya sauko da kai inda kake so. Mako guda ana dariya. Har yau a ƙauyen, in mutum ya fita sayen barkono ya dawo da mata ta biyu, ko ya nufi Kahira ya tsinci kansa a Tanta, sai a ce ya yi fiton Ustaz.

Shahata kaɗai bai yi dariya ba. Ana cikin karatun ya ajiye kofinsa ya fita. Daga ranar bai sake kiran ƙanensa da suna ba. Ba gaba suka yi ba. Suna gaisawa ranar Idi, suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa wurin zaman makoki, duk kaka Shahata yana aiko da kwandon kifi. Amma "Ustaz" yake ce masa, yana jan kalmar kamar mai jan igiyar da ta jiƙe, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Mitwalli ya bi kasuwa ya saye ragowar littafin ya cusa a ƙarƙashin gado, ya yi rantsuwa ba zai ƙara buga layi ɗaya ba sai mai abin ya ji da kunnensa. Abin da ya haifi jan fensir da gwangwanin tawada ke nan. Shekara arba'in da ɗaya yana da tabbacin cewa kunyar wancan kuskuren ce ta raba shi da wansa.

Wata rana Hajja Ni'imat ta dawo daga ƙauye, ta cire mayafi, ta tsaya a kansa yana rubutu.

"Yaya Shahata ya daina sauka bakin ruwa. Ƙafafunsa sun kumbura, sai an ɗauko shi a kujera an ajiye shi ƙofar gida."

"Allah ya sawwaƙe. Gobe zan aika masa da magani."

"Magani yana da shi. Ka bi mai jima har kududdufi, ka bi mai haƙar kabari har cikin rami, amma mota ɗaya zuwa ƙauyenku ta gagare ka. In kana da tambaya ka je ka yi tun ana amsawa."

Ranar abincin rana bai shiga ba. Ya san abin da take nufi. In Shahata ya tafi, gwangwanin zai tsaya a saba'in da biyu har abada, kuma shi zai zauna yana "Ustaz" a bakin ɗan uwansa har ranar tashin ƙiyama. Wannan tunanin ya tsorata shi fiye da yadda ya zata.

Amma Ustaz ne, ba zai je hannu rabbana ba. Ya jawo littafin daga ƙarƙashin gado, ya kakkaɓe, ya sake shi daga tushe. Kogin yanzu ya zama lami tun da aka tare shi, jiragen fito duk inji gare su, samarin da ke tuƙa su sun nufi matsaya kai tsaye kuma suna isa lafiya. Abin ya ba shi haushi, ya kuma ba shi mamaki: kuskurensa ya jira shekara arba'in ya zama gaskiya. Sai da ya nemo tsofaffi huɗu da suka tuƙa a kan jan ruwa, ya tatse su tas. Mako bakwai ya gama, Hajja ta kwafe, ya sa gwangwanin tawada a aljihu ya hau mota.

Ya tarar da Shahata a ƙofar gida da hantsi, an jingina shi yana fuskantar kogi, ƙafafu a kan kwando.

"Yaya, ya jikin?"

"Ustaz da kansa? Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu. Karatu na zo yi maka."

Shahata ya dubi takardun, ya dubi jan fensir. "Au, layi ya zo kaina? Na ji an ce har mai yankan farce ya riga ni."

"Yaya, ka yi haƙuri."

"Zauna. A kawo wa Ustaz shayi, kada a cika sukari, masu ilimi ba sa so."

Mitwalli ya fara karatu, fensir a hannu, yana jiran dariya. Ya karanta yadda ake duba launin ruwa da safe, da yadda ake jera fasinja, jaki a tsakiya mata a baya, da yadda ake nufar itacen da ke sama da matsaya da kamar zira'i ɗari uku in ruwa ya kai matakala ta biyar a bakin kogi. Shahata bai yi dariya ba, bai ma gyara zama ba. Sau ɗaya kawai ya ce, "Ta shida," Mitwalli ya gyara da sauri kamar wanda aka ba kyauta. Shirun ya fi damunsa. Mai dabino ma da ya yi dariya sau goma sha ɗaya ya fi wannan sauƙi.

Sai aka zo shafin ƙarshe, wanda bai taɓa ba tun bugun farko don bai ga abin gyara a ciki ba. Ya karanta: "Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ga ina da kan karatu, sai ya zaɓe ni ya kai ni makaranta, ya bar wa ɗan uwana jirgi, wanda tun yana ƙarami ba shi da abin so kamar ruwa."

"Tsaya nan," in ji Shahata.

Mitwalli ya tsaya.

"Wa ya gaya maka wannan?"

"Wanne?"

"Wannan da ka karanta. Wane tsohon ne ya dangwala maka a kansa?"

"Ai wannan ba sai an gaya mini ba, Yaya. Ina wurin."

"Kana wurin." Shahata ya jinjina kai. "Ka tuna ranar da Baba ya sa mu a ƙaramin kwale-kwale mu biyu, shi ya tsaya a gaɓa?"

Mitwalli ya lumshe ido. Ya tuna wani abu kaɗan. "Ranar da ruwa ya rabu biyu, ja da kore? Na tuna ina tambayarka me ya hana su gauraya."

"Abin da ka tuna ke nan?"

"Shi ke nan."

A nan ne Shahata ya yi dariya, gajeriya, har tari ya biyo. Hannun Mitwalli ya ɗaga fensir da kansa.

"Hedimasta ya zo gidanmu kwana biyu kafin nan. Ni ya zo nema. Wata bakwai na yi wurin Shehin ƙauye, na riga waɗanda suka yi shekara biyu a wurinsa sanin baƙaƙe, labari ya kai masa. Baba ya ce ɗaya zai bayar, ɗaya na jirgi ne, kuma ruwa ne zai raba: kai ka kai mu, ni in dawo da mu, wanda ya fi iyawa shi ke zama. Ina bayan ƙofa na ji. Kai kana tsakar gida kana ƙirga ƙafafun ƙaguwa."

"Ban sani ba."

"Ina za ka sani? Ni kuwa na gama shirina. Na ce in nawa ya zo zan yi ta zagaye wuri ɗaya kamar wanda bai taɓa ganin ruwa ba, in yar da filafili ɗaya ma in ta kama. Kai ko yaya ka yi za ka fi ni. Har na wanke rigar da zan sa ranar farko."

Shahata ya bi wani jirgin inji da ke tsallakawa da kallo.

"Sai ka karɓi filafilai ka nufi matsaya kai tsaye, kamar yadda ka rubuta. Ba ƙarya ka yi a littafin ba, haka ka yi. Muna tsakiya ka sake su gaba ɗaya, ka leƙa ruwa kana cewa, 'Yaya, me ya sa wannan ja ne wancan kore?' Ka san abin da koren nan yake? Teku ne. Bugaz muka nufa, har ina jin ƙarar igiyar ruwa. Na ture ka ƙasa na kama. Shekarata goma. Ban san yadda na yi ba, na dai san tafin hannuna ya saɓule, kuma na kawo mu gaɓa nesa da gari, kai kana ta tambayarka ba ka ko jiƙe ba. Baba ya iso a guje, ya dube ka, ya dubi hannuna, ya ce, 'To, kogi ya zaɓa.' Rigar da na wanke, ita aka rage maka."

Mitwalli ya ji kamar an cire masa kujera. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tambaya, yau babu tambaya ko ɗaya a bakinsa. Kunya ta kama shi, da tausayi, da wani irin baƙin ciki na ganin cewa shekara arba'in da ɗaya yana neman gafarar laifin da ba shi ba ne.

"Ashe ba zancen hancin jirgi ba ne ya fitar da kai daga gidan shayi."

"Hancin jirgi? Wannan ai ni ma na yi dariya a gida. Amma a karanta a gaban mutane cewa ni ba ni da abin so kamar ruwa? Ni da har na yi aure, in na ga yara da jaka sai in juya musu baya?"

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba, Yaya?"

"Ka tambayi mai burodi. Ka tambayi mai tattabaru. Aka ce mini har mai wankan gawa ka tambaya wane kunne yake fara wankewa. Duk littafin da ya fito sai na sa 'yata ta karanta mini, in ce to, bana zai zo. Misira kaf ka tambaya, ni kaɗai ka tsallake."

Mitwalli ya yi abin da ya iya. Ya ja jan layi a kan shafin daga sama har ƙasa, ya juya bayansa, ya ce, "Faɗa mini yadda yake." Shahata ya sake faɗa a hankali, shi yana rubutawa, tabarau na yin hazo yana gogewa da bakin riga. Da aka gama ya karanta masa. Babu dariya. Sai ya fito da gwangwanin tawada ya buɗe, ya ajiye a gwiwar wansa.

Shahata ya ture shi da bayan hannu.

"Ba ni alƙalamin."

Mitwalli ya rufe gwangwanin. Ya zaro alƙalami daga aljihu ya miƙa.

Tsohon ya riƙe shi kamar yadda Shehin ƙauye ya koya masa kusan shekara sittin da suka wuce. Ya daɗe. Yatsun da suka saba da igiya suka yi ta zamewa, harshe ya ɗan fito gefen baki, shayi ya huce. Baƙaƙen suka fito manya manya, a karkace, suna gangarawa ƙasan shafi, hannun yaro ɗan shekara goma a daidai inda aka tsayar da shi. Amma babu wanda ya ɓace. Ya miƙa takardar.

"Duba mini, Mitwalli. Akwai gyara?"

Mitwalli ya duba. Ya mayar da jan fensir bayan kunne.

"Babu, Yaya."

Shahata ya rasu bayan an tsinke 'ya'yan dabino a shekarar. Girgis ya buga littafin da wannan sa hannun a bango, sama da sunan marubucin, duk da ya yi ta mita cewa masu saye za su zaci kuskuren inji ne. Shi ne littafin Ustaz da ya fi kowanne kwantai a tasha, don ba wanda ke buƙatar sanin yadda ake tsallaka kogin da ya daina gudu. Ustaz bai damu ba. Ya ƙara rubuta littattafai biyar kafin idonsa ya gaza, kuma Hajja Ni'imat ta ce in ya baje shafukansa a tebur yana duba yatsun mutane da gilashi, wancan shafin ba ya sa masa gilashi, sai dai ya ajiye shi a gefen damansa ya ɗora hannu a kai.